Gurbin Sunan Wade

A gidanmu ba a gama kwashe kwanukan Ranar Godiya, bikin cin abinci na ƙarshen Nuwamba, sai Mama ta ce, "To, kowa ya fara tunanin abin da za a faɗa a kansa." Wasiƙar Kirsimeti take nufi. Tun kafin a haife ni take rubuta ta kowace shekara, gaba da baya, a buga a koriyar takarda a aika wa duk wanda sunansa ke cikin littafin adireshinta: dangin Baba na Dakota, ƙawayenta na makaranta, tsohon fastonmu da sanyin Minnesota ya kora zuwa Arizona, har maƙwabtan da muke hango hayaƙin gidansu ta tagar kicin. Ba mu kaɗai ba, kowane gida a nan yana yin tasa. Kafin Kirsimeti ta zo ƙofar firjin kowa ta cika da su, kana ɗauko madara kana karanta yadda ɗan wane ya ci jarrabawa.

Tamu tsarinta ba ya canzawa. Da yanayi ake farawa, ruwa ya yi yawa ko bai isa ba. Sai Baba da shanunsa. Sai ni, Darla, da mijina Gene da yaranmu biyu. Sai ƙanena Wade, sannan a rufe da addu'a. Ƙasan takardar kuwa fili ake bari, don kowa da hannunsa yake rubuta sunansa a kan kowane kwafi. Ranar Lahadi da rana muke zama a teburin kicin muna miƙa wa juna har hannu ya gaji. Gurbin Wade yana can ƙasa ta dama. Tun bai iya riƙe biro ba yake zana wani karkataccen abu a wurin, Mama tana cewa ai sunansa ne, wanda bai gane ba shi ya jiyo.

Doka ɗaya ce, kuma ba wanda ya taɓa faɗinta da baki: mummunan labari ba ya shiga. Shekarar da injin masara ya cinye wa Baba yatsu biyu, Mama ta rubuta, "Orvin ya ɗan samu hutu a watan Oktoba." Shekarar da na kwaso kayana na dawo gida ina rantsuwa ni da Gene har abada, ta rubuta, "Darla ta kawo mana doguwar ziyara, mun ji daɗinta sosai." Haka muke. Ɗan garinmu gidansa na cin wuta, ka tambaye shi ya gida, zai ce maka ai yau da ɗan ɗumi.

Shekarar da nake ba ku labarinta 1996 ce. Wasiƙar da ta gabace ta, rabinta ta Wade ce, don an sa ranarsa da Tessa Haugen, 'yar Ilene da Lyle, waɗanda gonarsu ke tsallaken titi da tamu. Mama da Ilene tare suka yi renon 'ya'ya, kuma Wade ya ci abinci a kicin ɗin Ilene fiye da yadda ya ci a namu. Biki a watan Agusta, in ji wasiƙar, kowa ya shirya.

A watan Yuni suka je rawar bikin wani abokinsa. Wade ya sha giya, ya ce ai 'yar tafiya ce, ya ja a-kori-kurar Baba. A kwanar da ke gaban tsohuwar makaranta motar ta bar titi ta kife. Shi ƙashin kafaɗa kawai ya karye. Tessa kuwa ko asibiti ba a kai da ita ba. Bai yi gardama a kotu ba, ya ce shi ne, alƙali ya ba shi shekara huɗu.

Tun ranar jana'iza magana ba ta sake haɗa gidajen biyu ba. Ba faɗa aka yi ba, da ma faɗan aka yi da ya fi. Mama ta dafa abinci ta kai bakin ƙofarsu ta ajiye, ta kasa ƙwanƙwasawa. Bayan kwana biyu muka ga kwanon a bakin tamu ƙofar, an wanke shi tas, ba ko 'yar takarda a ciki. A coci kowa yana zama a bencinsa na kullum, ido a kan littafin waƙa. In Baba da Lyle suka yi kiciɓis a titi, kowa ya ɗaga yatsa ɗaya daga kan sitiyari yadda aka saba, ya wuce.

Ni da Mama muke zuwa ganin Wade. Baba bai taɓa zuwa ba. Shanu ba sa tatsar kansu, in ji shi, kamar Gene bai yi ta cewa zai riƙe masa ba. A ƙarshen Nuwamba mura ta kwantar da Mama, sai na je ni kaɗai. Na tarar ya rame, an yi masa wani irin aski da ya fito masa da kunnuwa. Muka yi hirar banza, kuɗin madara, ciwon ƙafar Gene, wa ya mutu wa ya haihu. Can ya ce, "Mama ta fara wasiƙar?"

Na ce, "Ka san ta. Da ƙyar ta bari aka ci nama."

Ya yi 'yar dariya. "Bari in taya ta. Wade ya samu masauki kyauta, abinci sau uku, ga masu gadi ko'ina."

"Kai dai ba ka da kunya."

"Da Tessa ta ƙare ai." Ya kalli hannunsa. "Darla, ki ce ta aiko mini da kwafina. Ina so in ga abin da za a ce a kaina."

"Me kake so a ce?"

"Komai ma. Ko layi ɗaya ne. Ko zagina ne. Baba ba ya zuwa, ba ya karɓar waya in na kira. Ban sani ba ko har yanzu ina cikin gidan nan. In na ga sunana a koriyar takardar nan, to zan sani."

Na ce masa, "Haba, Wade, wane irin zance ne wannan? Ai dole kana ciki." Da gaske nake, don ko a mafarki ban ɗauka za a yi wata gardama a kai ba.

Ranar Talata na je gida, don ni nake buga mata wasiƙar a tafireta tun da idonta ya fara rauni. Na same ta a teburin kicin da gilashinta a ƙarshen hanci, takardu a gabanta, kofi ya huce a kofinta.

Ta ce, "Na yi yanayi, na yi babanku, na yi ku. Nan na tsaya." Ta turo mini takardar. A wurin Wade ta rubuta layi ɗaya ta soke, ta sake ta soke. Na ƙarshen da ta bari shi ne, "Wade ya koma gabashin jiha, yana koyon aikin kafinta."

"Mama, duk gundumar nan ta karanta jarida."

"Ai ba ƙarya ba ce. Akwai shagon kafinta a can, shi ya gaya mini."

Baba ya shigo daga wurin shanu a daidai lokacin. Yana cire takalmansa a bakin ƙofa, bai ko ɗago ba ya ce, "Ba za a sa komai ba."

Mama ta ce, "Orvin."

"Marlys, Ilene za ta buɗe takardar nan a kan teburinta. Ki ce mata me? Yana koyon kafinta? 'Yarta tana ƙarƙashin ƙanƙara, ki aika mata da labarin ɗanki ya iya feƙe katako?"

Na ce, "To a faɗi gaskiya, Baba. A rubuta abin da ya faru."

Ya dube ni kamar na ce a yi wa saniya baftisma. "A wasiƙar Kirsimeti? Mutane su manna a firji, yaransu su karanta?"

"To a tsallake gidan Haugen bana. Kada a aika musu."

Mama ta dafe ƙirji. "Darla! Shekara talatin da ɗoriya ba mu taɓa fashi ba. In ta buɗe akwatinta ba ta ga tamu ba, cewa za ta yi mu ne ke fushi da ita. Mu!"

"To ki tsallaka titi ki tambaye ta mana. Ga gidan can muna kallo. Ki ce, Ilene, ya kike so in yi?"

 Mama ta gyara gilashinta ta ce a hankali, "Ba a yi wa mutum haka. Ba za mu ɗora mata wannan nauyi ba, ta sha isasshe."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Ni dai ya roƙe ni. Ya ce ko layi ɗaya ne, ko zagi ne. Yana so ya san ko har yanzu ɗan gidan nan ne."

Baba ya rataye hularsa a ƙusa. Ya ce, "Ya roƙi abubuwa da yawa a rayuwarsa, duk an ba shi. Makullin motar nan ma roƙona ya yi." Ya shige banɗaki ya saki ruwa, maganar ta mutu a nan.

Amma fa wasiƙa ba ta tafiya da rami a tsakiya. Bayan takardar ya zama rabi babu komai, kuma a wurin Mama wannan abin kunya ne. Sai ta cike. Ta yi dogon bayani a kan sabon rufin rumbu. Da bai isa ba ta ƙara da Skipper, tsohon karenmu, yadda ya yi faɗa da beguwa a watan Satumba aka kai shi likitan dabbobi ana zare masa ƙayoyi daga hanci. Layi shida kare ya samu. Na buga ina cije leɓe, da tunanin ai sauran sa hannu, a nan zan sake tayar da maganar.

Muka kai ofishin coci aka yi kwafi. Sakatariyar tana tsaye tana karantawa injin na fitarwa. Na ga idonta ya kai ƙarshe ya koma sama yana nema. Sai ta ce, "Allah sarki, Skipper ya sha wuya." 

Ranar Lahadi bayan coci aka zauna sa hannu. Mama ta gasa lefse, siririyar gurasar dankali, ta shafa man shanu da sukari ta naɗe, ga kofi, ga tulin takardu, ga ambulan da kan sarki, komai kamar kullum. Baba ya sa hannu da yatsunsa uku ya tura wa Mama, Mama ta sa ta turo mini. Na ɗauki biro, sai idona ya sauka a can ƙasa ta dama inda babu komai.

Na ce, "Mama, ko sunansa kawai. Ba labari, ba kafinta. Ki rubuta Wade a gurbinsa, shi ke nan."

Ta kalli Baba. Baba ya ce, "Kowa da hannunsa yake rubutawa. Haka aka saba."

"Hannunsa yana kurkuku, Baba!"

"Ni na kai shi?"

Na duba tulin ambulan ɗin da Mama ta riga ta rubuta wa adireshi. Na uku daga sama na gidan yari ne. Na ɗaga shi na ce, "Wannan fa? Aika masa za ki yi a haka?"

"Ai ke kika ce ya roƙa. In ban aika ba zai ce mun manta da shi."

"In kin aika kuma zai ga an manta da shi a rubuce!"

"Zan ƙara masa 'yar magana a gefe da hannuna. Zai gane, Darla. Ya san don Ilene muka yi."

Na ajiye biron. Na ce, "To ni ba zan sa ba. In babu shi, babu ni." Gene yana ta taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur, na ce ya ɗauke ƙafarsa kafin in karya masa ɗayar. Na tattara yarana muka fita, ko lefse ɗin ban taɓa ba. Na tafi da tabbacin Mama ba za ta aika wasiƙar da babu sunan ɗa ko ɗaya ba. Zan bar su su kwana da ita, da safe a sake shawara.

Ashe ban san uwata ba. Da na zo washegari bayan na kai yara makaranta, teburin fes. Ta riga ta je gidan waya ta dawo. Kwafi ɗaya ne ya rage, wanda injin ya ɓata wa gefe da tawada, ta manna shi a firji. Na matsa na duba. A gurbina an rubuta "Darla da iyali", an yi ƙoƙarin kwaikwayon hannuna.

"Mama, me kika yi?"

Ba ta juyo daga wanke-wanke ba. "In ba su fita yau ba, na Arizona ba za su isa a kan lokaci ba."

Na fita na bugo ƙofa har kare ya tsorata. Kwana biyu ban leƙa su ba.

Ranar Laraba da rana waya ta yi ƙara. Mama ce, muryarta ba irin tata ba. Ta ce, "Ki zo." Na zaci Baba ne ya faɗi. Na iske su biyun a kicin, shi a tsaye da rigar aikinsa, ƙanƙara na narkewa daga takalmansa a kan daɓen da Mama ba ta yarda a taka da takalmi, ita kuwa ko kallon wurin ba ta yi. A kan tebur ga buɗaɗɗen ambulan da hannun Ilene a bayansa. Wasiƙar gidan Haugen ce ta bana. Kullum a jar takarda suke yin tasu, wannan fara ce, kuma ko rabin shafi ba ta cika ba.

Na ɗauka na karanta a tsaye.

"'Yan uwa da abokai. Na so in bar wasiƙar bana, amma na nesa suna ta aiko da kati suna tambayar yadda biki ya kasance. Ba a yi biki ba. Tessa ta rasu a haɗarin mota a watan Yuni. Wade Rustad ne yake tuƙi, kuma ya sha giya. Yanzu yana gidan yari. Ba zan ce muku na yafe masa ba, don ban yafe ba, ban kuma san ko zan iya ba. Amma ba zan ba ku labarin shekarata in tsallake shi ba. A kicin ɗina ya koyi ɗaure igiyar takalmi. Shekararsa ashirin da huɗu, kuma shi kaɗai zai yi Kirsimeti. Wanda zai iya rubuta masa, ga adireshinsa a ƙasa. Ni wannan takardar kawai na iya aika masa. Masara ta yi kyau. Lyle ya sayar da tumakin."

Na ja kujera na zauna. Hatimin da ke kan ambulan ɗin na ranar Litinin ne, ranar da tamu ta fita. A gidan waya ɗaya suka kwana, wataƙila ma a buhu ɗaya, aka kai su gari aka buga musu hatimi aka dawo da su gidaje biyu masu kallon juna.

Mama ta ce, "Tamu ta isa wurinta. Ta karanta labarin kare." Sai ta rufe fuska da tawul ɗin goge kwano. "Kuma shi ma duka biyun za su same shi."

Baba ya karɓi takardar daga hannuna ya sake karantawa, leɓensa na motsi. Ya ninke ta yadda ta zo, ya ajiye. Ya ce, "Lokacin tatsa ya yi." Ko ƙarfe biyu ba ta yi ba. Ya fita, muka bi shi da kallo ta taga har ya shige wurin shanun.

Na ce, "Mama, bai ɓaci ba. Mu sake wata. Layi uku kawai, mu aika wa kowa da kowa. Ni zan buga, ni zan kai gidan waya."

Ta girgiza kai tana share ido. "Ba a aika wasiƙa biyu a shekara, Darla. Mutane za su ce me ya faru."

"Me ya faru? Mama, kina jin kanki kuwa? Me ya rage bai faru ba?"

"Baɗi za mu gyara. Baɗi zan ba shi nasa wurin, babba." Ta ɗauko kati mai hoton coci cikin ƙanƙara, ta cika shi gaba da baya da hannunta, ta ba ni na kai gidan waya. Ban karanta ba. Tausayinta nake ji da haushinta a lokaci guda, har ban san wanda ya fi ba.

Ranar Kirsimeti ake barin su su kira gida. Tun bayan coci Mama take kai da komo a kusa da waya, ta ƙona miya, ta manta burodi a tanda. Da ta yi ƙara kuwa sai ta ja da baya ta ce ni in ɗauka.

"Darla ce."

"Barka da Kirsimeti." Muryarsa lafiya lau, shi ne ya fi ba ni tsoro. A bayansa ana ta hayaniya, wani yana cewa ya yi sauri.

"Barka, Wade. Ka ci wani abu?"

"An ba mu naman talotalo, ko dai wani abu mai kama da shi." Sai ya ce, "Na samu wasiƙun. Rana ɗaya suka zo. Ta Misis Haugen na fara buɗewa, don na ɗauka tsinuwa ce, na ce gara in gama da ita tukuna, in wanke da ta gida."

Na ƙara manna wayar a kunnena.

"Na karanta tamu sau uku, na ce ko idona ne. Na juya bayanta na sake juyowa. Skipper ya warke?"

"Wade, don Allah."

"Da gaske nake, ya warke?"

"Ya warke."

"To madalla. Mutum goma sha ɗaya suka rubuto mini, kin sani? Duk daga littafin Misis Haugen. Akwai wata tsohuwa a Montana, ban taɓa jin sunanta ba, ta aiko mini da hoton jikokinta."

"Don Ilene suka yi, Wade. Sun ɗauka ganin sunanka zai yi mata ciwo. Ni ban sa hannu ba, na rantse maka."

"Na sani. Hannun Mama ne a sunanki, tun daga nesa na gane." Sai muryar ta ɗan karye. "Kin ga, ta iya rubuta naki. Nawa ne ba ta rubuta ba."

Mama tana gefena, tana jin komai, don wayar tamu mai ƙara ce. Ta miƙo hannu. Na ce, "Ga Mama, tana so ta yi maka magana. Ta aiko maka da kati."

"Na ga katin. Ki ce mata na gode, ya yi kyau. Amma ai ni kaɗai na karanta shi." Ya ja numfashi. "Akwai layi a bayana. Ki gaya musu baɗi kada su wahalar da kansu, kada a aiko. Na tambaya, an ba ni amsa." Sai na ji ƙit.

Mama ta karɓi wayar duk da haka, ta riƙe ta a kunne tana cewa, "Wade? Wade, Mama ce." Sai da Gene ya zo ya zare ta daga hannunta a hankali ya mayar. Baba yana zaune a gaban tebur duk tsawon lokacin, wuƙar yanka nama a gabansa, bai motsa ba. Aka ci abincin da za a iya ci. Yara suka buɗe kyautarsu a falo ba hayaniya, don su ma sun ga gidan ba daidai ba.

Da la'asar na koma kicin in ɗauko kwanukana, na tarar da Baba shi kaɗai. Ya ciro ɓataccen kwafin nan daga firji ya shimfiɗa a tebur, gilashin Mama a idonsa, biro a yatsunsa uku. Bai ji shigowata ba. A can ƙasa ta dama yake rubutu, harafi ɗaya bayan ɗaya, yana dannawa har biron ya kusa huda takardar. Da ya gama ya tsaya yana kallonsa. Sai ya ɗago ya gan ni.

Ya ce, "Akwai sauran kan sarki?"

Na buɗe aljihun tebur na ba shi. Shi ya rubuta adireshin da kansa, yana kwafa daga wasiƙar Ilene. Washegari da sassafe, kafin ya je wurin shanu, ya taka cikin ƙanƙara har bakin titi ya saka a akwatin wasiƙa. Mama ta ce ya daɗe a tsaye a wurin yana kallon gidan Haugen, amma bai tsallaka ba.

Daga ranar shi ya karɓi zuwa ɗauko wasiƙu, mutumin da a da ko takardar kuɗin wuta sai an karanta masa. Da ya hango motar mai rabon wasiƙa zai ajiye abin da yake yi. A tsakiyar Janairu ina gidan ya shigo da ambulan ɗaya a hannu, hannunsa ne a bayansa, an buga jan hatimi a kan adireshin: mai ita ya ƙi karɓa.

Mama ta ce, "Wataƙila kuskure ne, Orvin. Ka sake aikawa."

 Ya yage bakin ambulan ɗin da babban yatsa, ya zaro koriyar takardar ya warware ta, ya mayar da ita ƙofar firji inda take. Har Baba ya rasu tana nan, cikin duk wasiƙun da muka buga a shekarar ita kaɗai ce mai sunan Wade, kuma ban da mu ba wanda ya taɓa karanta ta.